Baƙuwar Dutsen Hange

Batsari,
3 ga Oktoba, 1985.

Zuwa ga Hamma Usaini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana nan lafiya, kai da Adda Asta da yara. Ka durƙusa ka gaida mini Baffa, ka ce ɗiyarsa Zulai tana neman albarka. Ni ma lafiyata lau, sai dai ɗalibaina da ke neman tsufar da ni tun lokaci bai yi ba.

Ɗan'auta direba, wanda zai kawo maka takardar nan, ya ce gero ya yi kyau a wajen Babban Duhu har yana sunkuyar da kai. Alhamdu lillahi. Bayan shekara biyun nan da muka yi muna ɗaga kai sama ba ko ɗigo, na ɗauka ba zan ƙara ganin ɗanyen haki da idona ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hukuma ta kafa wani kwamiti na ƙasar Batsari da Safana, wai a farfaɗo da wuraren da mutane ke zuwa yawon buɗe ido kafin fari, ko mutanen karkara sa samu abin taɓawa. Aka sa ni a ciki don a ce akwai mace. Shugabanmu, Malam Jamaluddeen, mutumin kirki ne, amma ɗan birni ne, bai san gabas da yamman ƙasar nan ba. Ana ta ambaton wurare, ka dai san bakina, ban san lokacin da na ce, "Ai duk ƙasar nan babu kamar Dutsen Hange, kuma a gindinsa aka yanke mini cibi."

Na ba su labari har na manta a gaban manya nake. Na gaya musu yadda motoci ke tsayawa gindin tsamiyarmu ran Asabar, 'yan kwaleji da ma'aikata, har da Turawa masu jan hanci. Na ce ba mai hawa sai Baffa ya fara ba shi nono a ƙwaryar baƙi, wadda marigayiya Inna ta yi wa zane, sannan ya shige gaba ya bi da su ta tsagar nan da ba wanda ya san kanta sai shi. In an kai ƙololuwa ya miƙa sanda ya nuna musu garkenmu can ƙasa, yana kiran kowace saniya da sunanta. Na ce a ranar matan ruga da na ƙauye suke sayar da faifai da man shanu da ƙwan zabi. Malam Jamaluddeen ya rubuta har biro ya ƙare masa.

An tsayar da Asabar, tara ga Nuwamba. Mota ɗaya ce, malamai da 'yan kwaleji wajen ashirin daga Katsina. In abin ya yi kyau, wasu za su biyo baya.

Na san yanzu babu garken da za a nuna. Amma dutsen yana nan, Baffa yana nan. Kuma gaskiya, Hamma, ba don faifai kaɗai na yi ba. Zuwana na Babbar Sallah na ga Baffa ya wuni a bukka bai leƙo ba, abin ya tsaya mini a rai har yau. Ina ganin in ya ji ƙarar mota a gindin tsamiya zai miƙe.

Ka lallaɓa ka gaya masa. Ka nemi lokacin da ya idar da sallar la'asar, ya fi sauƙin kai.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Zulaihat.

*

Rugar Dutsen Hange,
ta Babban Duhu,
9 ga Oktoba.

Zulai,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Asta da yara suna gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya wuni yana yankan gero ba ya riƙe biro da kyau.

Na gaya wa Baffa, bayan la'asar ɗin kamar yadda kika ce. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Da mi zan tarbe su?" Na ce ai dutse za su gani. Ya ce, "Ni ban taɓa nuna ma mutum dutse cikinshi na wofi ba. Ubana bai yi ba, ni ba ni farawa." Ya juya mini baya.

Ke kina birni, akwai abin da ba ki sani ba. Washegarin ranar da na gaya masa, ya tashi da sassafe ya sari ƙayar farar ƙaya ya toshe bakin tsagar. Wata takwas rabon da in ga ya ɗauki gatari. Na yi murnar ganinsa a tsaye, na kuma yi baƙin cikin abin da ya tsayar da shi.

Cikin shanunmu arba'in da uku kin san Saye kaɗai ta rage, kuma ba ta da ɗa, ba ta da ruwan nono ko na wanke ido. Rugar Jauro ma haka, ta Hashimu ma haka. Ciyawa ta fito bana har ƙugu, babu bakin da zai ci ta. Wannan ya fi ƙona wa Baffa rai fiye da lokacin da ƙasar take ƙurmus.

Matan nan kuwa labari ya riga ya kai musu, ban san ta wace ƙofa ba. Asta ta ce da ni ba ita ce ta faɗa ba, ta faɗa mini haka sau uku ban tambaye ta ba. Kowace ta jiƙa kaba tana saƙar faifai. Ban san yadda zan yi da su ba.

Shawarata ki gaya wa malaminku su nemi wani dutsen. Ƙasar nan ba abin da ta fi arziki da shi kamar duwatsu.

Wassalam. Yayanki,
Usaini.

*

Batsari,
12 ga Oktoba.

Hamma Usaini,

Gaisuwa da fatan alheri. A gaida Baffa da mutanen gida.

Haba Hamma! Kai kullum kafin a ce a tashi ka riga ka ce a zauna. In nono ne matsalar, ai ta zo da sauƙi. Ɗan'auta zai ba ka kwali. A ciki akwai gwangwani huɗu na madarar gari, irin wadda aka raba mana a lokacin agaji, ni ban sha tawa ba na ajiye. Wata abokiyar aikina, Malama Bushira, ta koya mini yadda ake yi: a dama da ruwan ɗumi, a zuba ɗan tsohon nono kaɗan, a rufe a bar shi ya kwana. Wallahi na gwada, ya yi kindirmo har da kauri. Na ba mutum uku sun sha, ba wanda ya gane.

Adda Asta ta nemo ɗan tsami ko a kasuwar Safana ne, ta gwada tun yanzu. In ya yi, ku kai wa Baffa a ƙwaryar baƙi, ku ce daga wata ruga ta wajen Zakka aka samo, kuma za a riƙa samu duk Asabar. Ƙaramar ƙarya ce, alhakinta a wuyana. Ku ɓoye gwangwanayen.

Ka ga amfanin karatun boko da kake yi mini gori a kansa ko?

Taka,
Zulaihat.

*

Rugar Dutsen Hange,
20 ga Oktoba.

Zulai,

Sallama da gaisuwa. Jikinmu lafiya. Ban so rubuta wannan takarda ba, kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Mun yi yadda kika ce. Laifin ba naki ba ne ke kaɗai, ni ma na yarda, Asta ma ta yarda. Nonon ya kwanta ya yi kyau a ido. Asta ta wanke ƙwaryar baƙi, rabon da a sauko da ita tun bara waccan, ta zuba ta kai masa. Ina tsaye a bakin bukka.

Da ya ga ƙwaryar fuskarsa ta saki, Zulai. Na daɗe ban ga haka ba. Ya karɓa da hannu biyu ya yi bisimilla. Bai ma kai ga sha ba, hancinsa kawai ya kai. Ya ɗan kurɓa don ya tabbatar, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Sai ya tambayi Asta, "Wanga nonon, wace saniya ce ta ba da shi?" Asta ta ce daga wajen Zakka. Ya ce, "Ɗiyata, shekara sittin ina bayan shanu. Ko cikin barci aka ɗiga mani nono, ina gaya maki ciyawar da saniyar ta ci. Wanga bai taɓa ganin ciyawa ba."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya tambaya wa ya kawo shawarar. Kafin in buɗe baki ya ce, "Zulai ce ko?" Ya ce, "Ashe har na kai inda ɗiyana za su haɗa baki su yi mani wasan yara. Ashe tausayina ake ji." Ya sa Asta ta ba yara nonon don kada a yi ɓarna, ya wanke ƙwaryar da hannunsa, ya kife.

Ga babbar maganar. Kin san Alhaji Nazifi, dillalin shanun nan da ke ɗaukar makiyaya yana kai su kudu, can gaba da Kontagora, su yi kiwon shanun masu kuɗi. Samari yake ɗauka. Shekaranjiya Baffa ya taka da ƙafarsa har Babban Duhu ya same shi, ya ce a rubuta sunansa. Alhajin ya ji kunya ya rubuta. Motarsu za ta tashi Alhamis, bakwai ga Nuwamba.

Na roƙe shi. Jauro ya roƙe shi. Liman ya zo har gida. Abin da yake cewa ɗaya ne: gara ya bi shanun wani a inda ba a san shi ba, da ya zauna a gindin dutsen ubansa ana kawo masa nonon gwangwani. Mutum mai shekara saba'in, da tarin nan nasa, a ƙasar sauro da ƙudan tsando. Ni da ke mun san in ya hau motar nan ba za mu sake ganinsa ba.

Ban faɗa don ki ji ciwo ba. Na faɗa don ki sani da sauran lokaci.

Yayanki,
Usaini.

*

Batsari,
23 ga Oktoba.

Zuwa ga mahaifina, Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙushe ina gaishe ka, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na roƙi Malam Armaya'u na makarantar Babban Duhu ya karanta maka wannan, don Hamma Usaini in ya zo wurin da ba ya so tsallakewa yake yi.

Baffa, na yi laifi. Ni na kawo shawarar, ni na aiko da gwangwanayen, ni na ce a yi maka ƙarya. Adda Asta da Hamma biye mini suka yi. Na ɗauka nono farin abu ne mai tsami da ake sha, na manta a gidan wa aka haife ni. Ba raini ba ne, Allah shi ne shaida. Zaman da kake yi a bukka ne ya hana ni sukuni, na rasa ta inda zan ɓullo, na ɓullo ta inda ba daidai ba.

Ka yafe mini. In ka ce kada baƙi su zo, ba za su zo ba har abada. Amma don Allah, don darajar Inna, kada ka hau motar nan. Tun rasuwarta kai ne uwa kai ne uba. Ban shirya zama marainiya sau biyu ba.

Ɗiyarka mai neman gafara,
Zulaihat.

*

Rugar Dutsen Hange,
27 ga Oktoba.

Zulai,

Gaisuwa. Malam Armaya'u ya karanta masa. Ya sa an maimaita. Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihun 'yar shararsa, ya ce, "Na yafe mata tun ranar." Malam ya ce to maganar tafiya fa? Ya ce, "Wannan daban."

Jiya ya kama igiyar Saye ya danƙa mini a hannu a gaban Jauro. Ya ba Asta tabarmarsa sabuwa. Ya ɗaure kayansa a buhu ɗaya ya jingine a bakin ƙofa, buta a sama.

Ni dabarata ta ƙare. In kina son ki gan shi, ki zo kafin Alhamis ta sama.

Usaini.

*

Batsari,
30 ga Oktoba.

Hamma,

Ina gaisuwa. Na je na sami Malam Jamaluddeen na ce a fasa zuwan baƙi. Na gaya masa gaskiya duka, har da gwangwani. Bai yi fushi ba, ya ce uba ya fi dutse.

Zan zo ran Asabar a motar Ɗan'auta. Ina roƙonka abu ɗaya, kuma wannan karon babu ƙarya a ciki. Da hantsi ka kwashi Adda Asta da yara ku tafi gona gaba ɗaya, kada ku dawo sai yamma. Ina son in na yi sallama ya zama ba mai amsawa a gidan sai shi.

Kwana biyun nan ina ta tunani, sai wani abu ya faɗo mini. Hamma, ka taɓa hawa Dutsen Hange? Ni dai ban taɓa ba. Duk ranar baƙi kai kana can ƙasa kana kora garke zuwa fili don a gani daga sama, ni ina gindin tsamiya ina wanke wa Inna ƙore. Shekarata ashirin da shida ina ba mutane labarin ƙololuwar da ban taɓa takawa ba. To ran Asabar zan zo a matsayin baƙuwa. Ban sani ba ko zai yi amfani. In ma tafiyar zai yi, ba na son ya tafi da hanyar nan a cikinsa ba tare da ɗayanmu ya bi bayansa sau ɗaya ba.

Ka yi mini addu'a, ka daina girgiza kai, ina ganinka daga nan.

Zulaihat.

*

Batsari,
4 ga Nuwamba.

Hamma Usaini,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun dawo daga gona lafiya. Ka yi haƙuri ban jira ku ba, Ɗan'auta ya dawo da wuri yana ta danna oda. Na san Baffa ba zai gaya maka komai ba, to bari in gaya maka.

Na sauka a gindin tsamiya, inda motoci ke tsayawa. Ban nufi gida ba. Na tsaya a rana da jakata a hannu na yi sallama da ƙarfi. Shiru. Na sake. A ta uku ya ɗaga asabari ya fito. Hamma, ya rame fiye da yadda na bar shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Zulai? Mi kike yi nan cikin rana? Shigo gida."

Na ce, "Sannu maigida. Ni baƙuwa ce daga Batsari. An ce mini akwai wani dutse a nan da ake hawa, shi na zo gani."

Ya ce, "Bar shashanci."

Na ce, "Na yi tafiya mai nisa, maigida, ga ƙishirwa."

Ya tsaya yana kallona, ni ma na ƙi sunkuyar da kai. Na ga ransa ya ɓaci, na ga kuma abin ya fi ƙarfinsa. Ka san Baffa, ko maƙiyinsa ne ba zai bar shi tsaye a rana ya ce yana jin ƙishirwa ba. Ya juya ya shiga bukka. Da ya fito, ƙwaryar baƙi na hannunsa.

Sai ya nufi turken Saye. Wallahi na ɗauka ya manta. Ya tsaya a gefenta ya ɗora hannu a bayanta, ya daɗe a haka. Sannan ya wuce wurin randa ya cika ƙwaryar da ruwa. Ya taho yana riƙe da ita da hannu biyu, ruwan yana ɗan zuba. Ya durƙusa kamar yadda yake yi wa manyan baƙi, ya ce, "Baƙuwa, ki yi haƙuri. Gidanga babu nono. Fari ya cinye mana shanu. Ruwa kaɗai gare mu."

Hamma, ka taɓa jin ya faɗi haka da bakinsa? Ni ban taɓa ji ba. Shekara biyu ana zagaye maganar a gidanmu kamar ramin da ke tsakar gida. Na karɓa na shanye tas, har cikina ya yi ƙara. Na ce, "Ban taɓa shan abin da ya kai wannan ba." Ya ce, "Baƙi dai akwai daɗin baki."

Ya ɗauko sandarsa ya janye ƙayar da kansa, bai bari na taɓa ba. Muka shiga tsagar. Wuri ne matsattse mai sanyi, ana jin warin jemagu. Yana gaba yana cewa, "Nan ƙafar dama. Nan ki dafa da hagu. Kada ki dubi ƙasa." Sau biyu tari ya tsayar da shi, sai ya ce wai ni yake jira in huta. Takalmin makarantata ya hana ni tafiya, na cire na rataya a wuya, ya yi dariya ya ce duk 'yan boko a daidai nan suke tuba.

Da muka fito sama, na tsaya ina ta kallo. Ana hango dajin Rugu baƙi ƙirin daga yamma, ga rufin kwanon Babban Duhu yana walƙiya, ga gonaki, ga ciyawa shar har inda ido ya ƙare. Na ga ku ma a gona, ƙanana kamar tururuwa, na gane jan zanen Adda Asta. Na juyo in yi masa magana, sai na ga ya ba filin baya, yana kallon dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Ya ce rabonsa da nan tun damina ta biyu da ruwa ya ƙi. Ya hau ne ya duba ko akwai hadari a gabas. Bai ga hadari ba, sai ungulaye, kuma daga nan sama ya san kowace ungulu kan wa take sauka. Ya ce tun ranar ya yi niyyar ba zai sake hawa ba. Ashe ba nonon kaɗai ba ne, Hamma.

Sai na tuna tambayar da na sha jin baƙi suna ba da labarin sun yi masa. Na daure na ce, "Maigida, ina naka a ciki?" Ina faɗa na yi nadama.

Na ce a raina shi ke nan, na sake ɓatawa. Can sai ya juyo a hankali, ya ɗaga sanda. Ya ce, "Kin ga marken can mai reshe biyu? Nan Fure ta kwanta. Jikar saniyar sadakin uwar ɗiyana ce. Ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata waƙa." Ya matsar da sandar. "Bakin ƙoramar can, Wule. Ɓarauniya ce, ba gonar da ba ta sa ni ba da haƙuri ba." Ya ce Ɓale ta kai har Tsaskiya da ƙafarta neman ruwa, ta dawo ta mutu a gida. Amare da ɗanta rana ɗaya. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, kowace da wurinta da halinta. Tun muryarsa na rawa har ta daidaita, har ya koma irin muryar nan tasa ta ranar baƙi da muke jiyowa daga ƙasa. A kan Wule har dariya muka yi.

Ni kuka nake yi sosai, ba na ɓoye maka. Ya ce, "Baƙuwa, ba a kuka nan, santsi gare shi." Shi ma gemunsa a jiƙe yake.

Da muka sauko na kasa daurewa, na ce, "Baffa, Alhamis fa?" Ya ce, "Allah shi kiyaye hanya, baƙuwa. A gaida mutanen Batsari." Ya raka ni har mota. Buhunsa yana nan a bakin ƙofa yadda ka ce, na gani da idona. Bai mayar da ƙayar ba, amma wataƙila gajiya ce.

Ban san abin da na yi ba, Hamma, gyara ko ƙarin ɓarna. Ran Alhamis ina da aji tun safe, ban san me zan koya wa yaran mutane ba. Duk abin da ya faru ka aiko mini ko layi ɗaya ne.

Ƙanwarka,
Zulaihat.

*

Rugar Dutsen Hange,
Juma'a, 8 ga Nuwamba.

Daga Baffa zuwa ga ɗiyarsa Zulaihatu. Ni Armaya'u na rubuta yadda ya faɗa, ban gyara ba.

Bayan sallama. Ina lafiya, Allah shi yi maki albarka.

Motar Alhaji ta tashi jiya. Na je na sallame su, na ba shi haƙuri. Na ce mashi na tuna ina da shanu arba'in da biyu nan da ba mai kiwonsu sai ni.

Ki gaya ma malaminku baƙi su zo. Kada su wuce goma sha biyu a hawa ɗaya, gwiwata ba ta jiya ba ce. Ki gaya masu tun kafin su hau mota cewa babu nono, ruwa ne, don kada kowa ya ji kunya. Ki ce kuma babu garken gani da ido, sai na ji a labari. Matan su kawo faifansu. Usaini zai riƙa bin bayana har ƙafarshi ta san hanya.

Saura magana ɗaya. Ran Asabar na durƙusa na ba ɗiyata ruwa a ƙwaryar baƙi, na raka ta mota ban ce ta kwana ba. Al'ada ce, na cika ta, amma ta yi mani ciwo. Baƙuntarki ta ƙare daga ranar. In kin tashi zuwa, kada ki tsaya mani gindin tsamiya. Ki shigo gidan ubanki, ki ɗebi ruwanki da kanki.

Wassalam.
Baffanki.